Ranar da na raba auren lemun Baba

Ko zan manta da komai a duniyar nan, ban da ranar da Baba ya dawo daga aikin Hajji ya tsaya a gaban bishiyar lemun tsaminsa. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ni ce babba a gidanmu na Badarawa, kuma sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "Uwata". Ita kakar tamu tana da wata bishiyar lemun tsami a gidanta na Rafin Guza. 'Ya'yanta ƙanana ne, ɓawo siriri, ruwa kuwa ba a magana, ɗaya ya ishi kofin koko. Bayan rasuwarta aka sayar da gidan aka raba gado. Baba bai ɗauki ko tabarma ba, reshe ɗaya ya yanko ya kai wa wani mai lambu a bakin kogi ya yi masa aure, wato ya haɗa shi a jikin wani dashen lemo mai ƙarfin saiwa. Ya kawo ya dasa a tsakar gida, ya kewaye da bulo saboda awaki.

Shekara biyu yana lallaɓa abin nan kamar jariri. Kullum da safe sai ya tsuguna ya sa farce ya tsinke wani abu a gindinta. Ina ganinsa, amma ban taɓa tambaya ba. Ni a lokacin ji nake babu abin da ban sani ba, ga ni da rawar kai.

Da zai tafi Makka ya kira ni ya ce, "Uwata, ga amanar uwata nan. Ruwa safe da yamma in ba a yi ruwan sama ba, kuma ban da ruwan wanki."

Na ce, "Haba Baba, lemo ne fa. Ka tafi hankalinka kwance."

Damina ta sauka bayan tafiyarsa. Sai ga wani tsiro ya ɓullo daga gindin bishiyar, can ƙasa da wani ƙulli da ke jikinta. Kai, tsiron nan ya yi kyau! Miƙaƙƙe, ganye manya kore shar, cikin 'yan makonni ya kusa kamo tsohon reshen. Shi kuwa tsohon duk a karkace yake, tsutsa ta cinye rabin ganyensa, sauran sun yi rawaya.

Ana gobe Baba zai dawo muka shiga gyaran gida. Na dubi bishiyar na ce wannan ƙazamin reshen shi ke shanye abincin mai kyan. Na ɗauko wuƙar kicin na dage na datse shi ƙasa da ƙullin nan, don kada ma ya sake tohowa. Na haɗa shi da shara na cinna wuta a bayan gida. Har tsayawa na yi ina yaba aikina, wallahi.

Washegari gida ya cika da 'yan sannu da zuwa, ana ta rabon dabino da zamzam. Bayan la'asar da mutane suka ragu, Baba ya fito da butarsa, ya nufi wajen bulon nan yana murmushi. Ni kuma ina biye da shi ina jiran yabo.

Sai na ga ya tsaya cak. Butar ta suɓuce daga hannunsa, ruwan ya malale a ƙasa. Ya durƙusa ya shafa wurin da na yanke, ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wa ya taɓa ta?"

Na ce, "Ni ce, Baba. Marar lafiyan na cire, na bar mai kyan."

Ya ɗago ya dube ni. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Uwata, kin raba auren. Wanda kika yanke shi ne lemun Inna. Wannan da kika bari na gindin ne, shi nake tsinkewa kullum don kada ya fi ƙarfinsa." Sai ya miƙe da sauri. "Ina reshen? In bai bushe ba mai lambu zai iya sake haɗawa. Ina kika ajiye shi?"

Da ƙyar na iya cewa, "Na ƙone shi."

Da ya zage ni ko ya mare ni da na ji sauƙi. Bai yi ko ɗaya ba. Hularsa kawai ya gyara ya ce in ɗauko mayafina. Muka tari Keke Napep zuwa Rafin Guza, ko Allah zai sa uwar bishiyar tana nan. Duk hanya addu'a nake a zuci. Da muka isa ban ma gane gidan ba. An rushe shi an jera shaguna, inda bishiyar take an malala siminti, wani mai walda yana ta aikinsa a kai. Baba ya daɗe a tsaye yana kallon simintin nan, sannan ya ce, "Mu je gida, Uwata." A keken na yi kuka har mai keke yana ba ni haƙuri bai san dalili ba.

Na roƙi Baba a tumɓuke abin da ya rage, ya ce a bar shi, shi ma rai ne. Ya ci gaba da ba shi ruwa har ya bar duniya, kuma bai ƙara tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya. Bishiyar tana nan ta yi girma, tana zubar da wasu manyan lemo masu kaurin ɓawo, ka matsa ka matsa ruwan bai cika cokali biyu ba.

Abin da na koya shi ne, duk abin da aka ba ni amana, ba na sa masa wuƙa sai na tambayi mai shi, komai muninsa a idona. Shekara biyu ina kallon Baba yana tsugune a gindin bishiyar nan. Da na buɗe baki sau ɗaya na ce, "Baba, me kake tsinkewa?" da yau 'ya'yana sun san ɗanɗanon lemun kakata.