Na Raba Jikana da Wasan Tele, Na Saya Masa Waya

Lokacin da abin nan ya faru na haura shekara sittin, ban daɗe da ajiye tuƙin babbar mota na dawo gida Tawa ba. Rabin rayuwata a kan hanya na yi shi. Na zauna Abijan har na ji Julanci, na tsinci Larabci a garuruwan hamada, Buzanci kuwa tun ina saurayi na iya shi, ga Faransancin tasha. A unguwarmu duk abin da ya shigo sabo ni ake tambaya, ni kuma na saba ba da amsa tun kafin in duba.

Akwai jikana, ɗan babban ɗana, wanda muke riƙo ni da kakarsa saboda ubansa yana ci-rani. A gidanmu ubana ya yi ci-rani, na yi, ɗana yana yi. Burina shi ne wannan yaro ya zama na farko da zai zauna ƙasarsa da takarda a hannu. Yana ajin ƙarshe na kolej, kuma ya riga ya faɗi jarrabawar birbe sau ɗaya. Mushensu, wato malaminsu, ya gaya mini ƙarara cewa in ya sake faɗuwa, lakwal ta gwamnati ba za ta ƙara karɓarsa ba.

A bayan layinmu wani matashi ya buɗe ɗan shago, ya sa tele da na'urar wasan ƙwallo. Nan jikana yake zuwa bayan la'asar shi da abokansa na aji. Wata rana na bi ta wurin, na ji ihu, na ga labule a ƙofa. Nan take na tuna ɗakunan caca da na gani a Abijan, inda magidanta suke tsayawa gaban inji har abin cefane ya ƙare, ga hayaƙin taba, ga faɗa. Ban ɗaga labulen ba. Na koma gida na kafa doka, kada ƙafarsa ta sake taka wurin. Da farko ya ɗauka wasan kaka da jika ne, har ya ce tsoho tsoro nake ji, in zo ya zuba mini biyar ba ko ɗaya a gaban jama'a. Da ya ga ban yi dariya ba sai ya gane da gaske nake. Kakarsa ta ce in ƙyale mata angonta, ai ko ba komai ta san inda yake, in ta aika a kira shi yanzu zai zo. Na tambaye ta ko ta taɓa fita ƙasarmu ta Adar da za ta koya mini duniya. Abokansa sun zo ƙofar gida sau biyu suna sallama, na kore su, ba su sake zuwa ba.

Bayan mako biyu tausayinsa ya kama ni. Na shiga kasuwa na saya masa waya mai faɗin fuska, na ce ko wasan zai yi, ya yi shi a gaban idona. Watannin farko har alfahari na yi a majalisa, ina cewa nawa jikan ba ya fita. Gida ya yi tsit. Sannu a hankali na lura da hannu ɗaya yake cin tuwo. Sai an kira shi sau uku kafin ya amsa. In na leƙa ɗaki in gan shi da littafi a buɗe, ashe wayar tana kwance tsakanin shafuka. Ba ma ƙwallo yake bugawa ba, wani wasa ne na gina gari da yaƙi da mutanen da bai taɓa gani ba, wai in ya bar shi awa ɗaya za a rushe masa abin da ya gina. Ko kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke bai dame shi ba. Na taɓa karɓe wayar, ya yi kwana huɗu ba ya ce mini komai bayan gaisuwa, ga ubansa ta nan yake kiransa, sai na gaji na mayar masa. Daga nan kullum faɗa nake yi, kullum yana cewa to, har ni kaina na gaji da jin muryata.

Ranar da aka kira sunayen waɗanda suka ci a filin lakwal, babu nasa. Abokansa da na kora, yawancinsu sun wuce.

Mai shagon ya zo yi mini jaje, ya durƙusa ya gaishe ni, ya roƙe ni in zo ko sau ɗaya in zauna in gani. Kunya ta sa na je. Abin riƙewa da ake buga wasan da shi, wanda suke kira manet, guda biyu ne kawai, yara kuwa sun cika benci. Dokar wurin ita ce wanda aka ci ya tashi ya miƙa wa na gaba. Ashe yaro ya buga minti goma, sauran lokacin duk jira ne. A cikin jiran nan suke tsokanar juna, suke gardama, kuma a nan na ga wani ya fito da littafin lissafi wasu sun kewaye shi. Ana kiran magariba mai shagon ya kashe tele, ana tsakiyar wasa, suka yi ta ƙorafi suka fita. Ya gaya mini da jarrabawa ta matso ma hana ƴan ajin birbe shiga ya yi sai ranar Lahadi. Ya ce Baba Alhaji in yi haƙuri da maganarsa, amma a wurinsa akwai mai cin ka ya tashe ka, a waya kuwa babu mai tashin kowa. 

Ba ina cewa wasan tele alheri ba ne. Akwai ɓata lokaci a ciki, akwai surutun banza. Amma yana da ƙofa, yana da lokacin rufewa, kuma akwai mutane a wurin.

Da damina ta faɗi na tura jikana Barmou wurin kawunsa ya taya shi noma. Ana gama girbi ya bi samarin garin suka yi arewa ci-rani. Kakarsa ya yi wa sallama, ni sai daga baya na ji. Yanzu in ya kira, ita yake kira, ya ce a gaida tsoho. Ba ta taɓa ce mini ga abin da ta faɗa tun farko ba, kuma shirun nan nata ya fi mini nauyi.

Na rubuto ne saboda iyaye da kakanni irina, musamman mu da muka yi yawo muke ganin mun gama sanin komai. Abin da na gani a wata ƙasa shekaru da yawa da suka wuce shi na ɗora wa shagon bayan gidana, ban ba shi ko minti biyar na dubawa ba. Kafin ku hana yaro wani wuri, ku shiga ku zauna, ku ga su wa yake zama da su, kuma wa yake cewa ya isa haka. Kada shirun yaro a ɗaki ya kwantar muku da hankali. Nawa yana gabana kullum har wata takwas, ban san na riga na rasa shi ba.