Allon da ƙanena ya bari a kan tebur

Ina tsugune gaban wani buhu a bayan tashar jirgin ruwa, da allon kwamfuta a hancina, wayata ta yi ƙara. Telan da ke maƙwabtaka da shagonmu ne. Ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Malam, bar abin da kake yi ka dawo Zongo. Ƙanenka ya faɗi a wurin alwala."

Na ce, "Ya faɗi yaya?"

Sai na ji yana Inna lillahi. Na mayar da allon cikin buhu a hankali. Matar da ke sayar mana da kaya ta tambaye ni da yaren Mina ko farashin ne bai yi mini ba. Na miƙe na kama hanyar Zongo.

Ni da ƙanena sana'a ɗaya muka raba biyu. Allunan nan na cikin kwamfuta, da a Lome ake ce wa kat-mer, a kwantena suke zuwa cikin tarkacen Turai, matattu, a zuba su a buhu kamar busasshen kifi. Ni ke zuwa saye, kuma da hanci nake zaɓe. Wanda ya ƙone yana da ƙauri, ba na ɗaukarsa. Wanda iskar teku ta ci yana warin tsatsa, shi kuwa sau da yawa wanka kawai yake so. Da sabulu da buroshin haƙori muke wanke su, mu shanya a kan kwanon shago, masu wucewa suna mana dariya. Kullum biyu nake saye iri ɗaya, don a ciri na jikin ɗaya a raya ɗayan.

In allo ya bushe sai in ba shi wuta, in bi shi da bayan yatsa har in kai inda yake zafi. In ce, "Nan ne." Aikina ya ƙare ke nan. Idona ya daɗe da yin rauni, hannuna kuma yana rawa. Ƙanena ne mai ƙarfen dalma. Shi ke cirewa, shi ke liƙawa.

Yakan ce, "Yaya, da 'yan kwastan sun san hancin nan naka, da tuni sun ba ka kaki."

Ni kuma in ce, "Kai da ba ni, da sai ka zuba wa allo dalma har ya kai nauyin tukunya."

Yana da 'ya guda da ke karatun lissafin kuɗi. Ba ta da kwamfuta, sai ta hau zemijan, wato acaɓa, har unguwar Hanukope ta yi aro a gidan ƙawarta, ta dawo bayan magariba. Abin yana damunsa. Ya yi mata alkawarin zai haɗa mata tata da hannunsa, ni kuma na samo alluna biyu masu kyau. Da safiyar ranar da ya faɗi na nuna masa laifin, wata 'yar baƙar ƙwaya mai siraran ƙafafu a gefe biyu, sannan na kama hanyar tasha.

Sai bayan addu'ar bakwai na buɗe shagon. Allon yana kan tebur, gilashin da yake duba aiki da shi a kife a kai. Ya ciro ƙwayar daga ɗaya allon, ya zaunar da ita, ya liƙe ƙafafun gefe ɗaya. Ɗaya gefen yana nan a sake. Na san abin da ya faru. An kira azahar ne. Ɗabi'arsa ce, ko ƙafa ɗaya ta rage sai ya zare wuta ya tashi, ya ce dalma za ta jira.

Na ɗaga gilashin na duba. Liƙinsa ba ya ɓuya. Kowane ɗigo ƙarami ne, a mulmule, yana sheƙi kamar ƙwayar riɗi, kuma duk girmansu ɗaya.

Ban rufe shago ba. Ina zuwa saye, ina wanki, ina shanya. In na kai inda yake zafi, har yanzu bakina yakan ce "Nan ne", sai in ji fanka kaɗai tana juyawa. Liƙin kuwa wani mai gyara nake kai wa a Hanukope. Mutumin kirki ne, hannunsa kuma yana da kyau. Wata rana na naɗe allon da ƙanena ya bari a tsumma na kai masa. Ya juya shi, ya ce, "Kawu, wannan ai ba aiki ba ne. Amma ni da iska mai zafi nake yi, ba da ƙarfe ba. Zan narkar da duka in sake zaunar da ita. Kafin ka sha ruwa na gama."

Na ce, "Har wannan gefen da aka liƙe?"

Ya ce, "Duka. Wa ya fara maka?"

Na karɓi allona na ce zan dawo.

Bayan mahaifiyarta ta fita takaba, yarinyar ta zo shago. Ta gaishe ni, ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi zama a kujerar ubanta. Na ce mata zan samo wasu alluna, a haɗa mata wata kwamfutar kafin jarrabawa.

Ta ce, "Baba babba, ni wadda babana ya fara nake so."

Na miƙa mata gilashin, na gaya mata abin da mai gyaran ya ce. Ta daɗe a sunkuye tana kallon ɗigogin nan. Da ta ɗago ta ce, "To kai ba za ka iya ƙarasawa ba?"

Na nuna mata hannuna. Ta kalle shi, ba ta janye maganarta ba.

Tun ranar, kowace safiya kafin mutane su fara zuwa, nakan jona ƙarfensa in gwada a kan allunan da ba za su tashi ba. Mariƙin ya lotsa daidai inda babban yatsansa yake zama, nawa kuma bai cika wurin ba. Yawanci ƙafafu biyu nake haɗewa da dalma, abin da a allo mai rai zai ƙone shi nan take. Jiya na yi uku a jere ba su haɗe ba, ta huɗun ta ɓaci.

Jarrabawarta ta matso, kuma har yanzu Hanukope take zuwa aro. Allon yana kan tebur a ƙarƙashin gilashinsa. Ɗaya gefen ban liƙe shi ba tukuna.