Malam Zarami, Mai Awo Kafin Yanka

Kullum ƙarfe bakwai da rabi Malam Zarami yake buɗe shagonmu na sassaƙa a Azare. Ba ya kunna injin sai ya jera bakunan yankan a kan tsumma, ya auna kowanne, ya gwada da abin da ke rubuce a kwamfuta. Injin namu kwamfuta ke tuƙa shi, kuma tana nuna hoton aikin kafin baki ya taɓa katako. Mu da mun ga hoton ya yi kyau, shi ke nan. Shi kuwa sai ya sa injin ya zagaya sama da katakon tukuna. Har tsiya muke masa, wai Malam yana sassaƙa iska.

Shekara goma sha ɗaya ke nan yana haka a shagonmu. Watan gobe zai ajiye aiki, idanu sun gaji.

Akwai ranar da ba zan manta ba. Hajiya Ya Gana, wata dattijuwa daga Giade, ta kawo katakon maɗaci, na bishiyar da marigayi mijinta ya shuka. Ƙofar masallacin unguwarsu take so, sadaka gare shi. Katakon da ya isa ƙofa guda ɗaya ne tak. In ya lalace, babu wani.

Aka ɗaure shi, kwamfuta ta nuna komai lafiya. Jabiru, mai shagon, ya miƙa hannu zai danna.

"Dakata, Alhaji, ban auna bakin nan ba," in ji Malam.

"Haba Malam! Ga shi kwamfuta ta ce lafiya. Baiwar Allah tun hantsi take zaune."

"Kwamfuta abin da aka faɗa mata ta sani. Ba ta da ido a cikin injin."

Ya sa ma'auni. Bakin da ke ɗaure ya fi wanda kwamfuta ta sani tsawo da kusan gaɓar yatsa. Da an danna, da ya huda katakon, ya ci ƙarfen da ke ƙarƙashi. Jabiru ya yi salati, ya ce wane mara hankali ne ya canza baki bai shigar a kwamfuta ba? Ya rantse ranar zai kore shi.

Malam ya ce, "Ni ke da alhakin dubawa, kuma na duba. A bar maganar." Ya gyara lambar, ya sake zagayen gwaji, sannan aka yanka. Da la'asar Hajiya ta shafa zanen ƙofar, tana hawaye tana sa albarka.

Malam, kai ne ka koya mana cewa jinkirin minti goma ba rashin iya aiki ba ne. Wallahi muna ƙaunarka, ko da muna ƙorafi. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa idanunka haske. Ku kuma masu irin injinmu, don Allah ku auna kafin ku danna.

Saura abu ɗaya. Ni ne na canza bakin nan ban shigar ba, kuma kana kallona lokacin da nake ɗaure shi. Shekara shida ba ka faɗa wa kowa ba, ni ma ba ka taɓa yi mini gori ba. Alhaji Jabiru, yau ka ji. Malam, na gode.