Gurbin Babana a Tsakiyar Hoto

Kun taɓa ganin mutumin da ya ɗauki rabin gari hoto amma shi ba shi da hoto ko ɗaya da abokansa? To babana ne. Ku tsaya ku ji, sauri nake kafin caji ya ƙare.

Shagonsa yana layinmu tsakanin mai aski da mai gyaran waya, ƙofa ɗaya taga ɗaya. Ciki akwai farin labule na fasfo da wani tsohon labule mai zanen bene da furanni wanda ya girme ni, da kujera mai juyawa da madubi da mataji da aka ɗaure da zare don kar a tafi da shi. Kowa Kar-a-motsa yake ce masa, don kafin ya danna sai ya yi ta faɗin kar a motsa kar a motsa har murmushinka ya bushe. Mama ma in tana son tsokanarsa haka take kiransa.

Tun yana ƙarami ya fara a shagon wani tsohon mai hoto, shara da aike da wanke hotuna a ɗaki mai duhu. Lokacin abokansa biyu ne, Dogo da wanda yanzu ake ce wa Likita, ni Baba Dogo da Baba Likita nake ce musu. Ranar da ba aiki sai Baba ya roƙi maigidansa aron kyamara su ɗale bayan motar kaya su fita bayan gari yawo, tsohuwar gada da wurin da ruwa ke zubowa daga sama da kogo da tafki da wani babban dutse da in ka hau kana hango garin duka. Maigidan ya ce ya yarda amma kar ya kuskura ya aje kyamarar a ƙasa, kar kuma ya miƙa wa kowa. Baba kuwa in aka ce kar to kar ɗin ne. Shi ya sa duk hotunan nan su biyu ne a ciki, shi yana baya yana cewa kar a motsa.

Akwai guda ɗaya da ya rataya saman teburinsa. Su biyu a kan dutsen, sirara kamar ba sa cin abinci, sun bar fili a tsakaninsu, Baba Dogo ya miƙa hannu ya dafa iska kamar kafaɗar mutum. Wai ranar ya ce wa Baba nan wurinka ne, wata rana za ka shigo. Duk wanda ya zo fasfo ya tambaya sai ya sha labarin nan ko yana so ko ba ya so.

Daga baya su biyun suka tafi ƙasar waje, ɗaya karatu ɗaya aiki, suka yi aure can suka haihu can. Baba ya zauna, ya buɗe shagonsa ya auri Mama aka haife mu. Sai babur ya kaɗe shi aka sa masa ƙarfe a ƙafar hagu, tun daga nan yake ɗingishi. Sai waya ta zo kowa ya zama mai hoto, aiki ya koma fasfo da sa takarda a leda da gyara tsoffin hotunan waɗanda suka mutu. Bai taɓa ƙorafi ba, cewa yake mai waya yana ɗauka ne shi kuwa yana jira ne, wai hoto jira ne.

To bana sai ga kiran Baba Dogo wai suna nan zuwa dukansu da mata da yara, yaran ba su taɓa ganin gida ba, suna so a kai su duk wuraren nan na da, kuma ba mai tsara wannan sai Kar-a-motsa. Na ji da kunnena don a sifika aka sa, ya ce wannan karon dole ka shiga hoton. Baba ya aje waya ya kalli bango ya kalle ni ya ce ke za ki ɗauka.

Ku ba ku san girman maganar nan ba. Mama ta ce ita da ta haifa masa yara ba ta taɓa taɓa kyamarar nan ba, ko goge ta za a yi shi ke yi. Amma ya rataya min ita a wuya ya koya min, matse gwiwar hannu a jiki, riƙe numfashi, kar ki yanke wa mutum ƙafa kar ki bar sama ta cinye hoton. Mai aski da yaransa na yi ta gwadawa a kansu har suka fara guduna.

Tafiyar kuwa Baba ba da nisa ya tsara ta ba, da rana ya tsara ta. Ya samu wani direba mai bas da ke kai yara makaranta, ranar hutu muka yi ta fita mu uku. Kowane wuri sai mun je a lokacin da yake so a isa, ya tsayar da ni inda za su tsaya ya duba inda inuwa ta faɗa a fuskata, in bai yi masa ba mu sake dawowa wata ranar. Direba ya ce shi bai taɓa ganin wanda ke yi wa rana awo ba. A haka ya fitar da ita, gada da sassafe rana na bayan mai ɗauka, wurin zubar ruwa kafin rana ta take don daga nan inuwa ke rufe shi, kogo lokacin zafi a huta a ci abinci a sha ruwan sanyi, tafki a shiga kwalekwale, dutse kuma sai yamma lokacin da komai ke yin ja. Ya yi magana da mai kwalekwale, ya aro rigunan ruwa masu ruwan lemo saboda yaran ba su iya iyo ba, ya sa aka sare ƙayar da ta toshe bakin kogon. A dutsen akwai wani wuri mai santsi, ya sayo shuɗiyar igiya mai kauri direba ya hau ya ɗaura a jikin bishiya ta sauko har ƙasa.

Ranar Baba bai iya hawa ba. Ya kama igiyar ya gwada ƙafar ta ƙi, ya zauna a ƙasa yana haki yana dariya ya ce da sauran lokaci ai.

Washegari da safe kafin ya buɗe shago sai na gan shi a benen da ba a gama ginawa ba a ƙarshen layinmu yana hawa matakala. Ya hau ya sauko ya hau ya sauko. Kullum fa. Da farko hawa na ɗaya kawai yake kaiwa, mai gadin wurin yana masa tsiya wai ko ƙwallo zai koma. Da yamma ƙafar ta kumbura Mama ta gasa masa da ruwan zafi tana faɗa, wai mutum da furfurarsa zai kashe kansa saboda hoto, shi kuwa yana cewa ke dai gasa. A hankali ya kai hawa na biyu, ya kai na uku, har ranar da ya leƙo daga can ƙoli yana ɗaga min hannu. Muka koma dutsen ya hau da igiyar har sama, a hankali amma ya hau, ya tsaya daidai inda filin nan yake ya ce in duba ta kyamara amma kar in danna, a bari sai sun zo. Kuma ya ja mana kunne ni da Mama kar wanda ya gaya musu maganar bene. Ya kai wa tela yadi aka ɗinka masa sabuwar riga aka rataye ta a leda bayan ƙofa.

Suka iso. Shago ya cika da turare da dariya, suka rungume juna, mai aski ma ya bar kan mutum rabi ya shigo kallo. Baba ya tashi ɗauko kujeru sai na ga Baba Likita yana bin ƙafarsa da ido.

Ya ce, “Kar-a-motsa, ƙafar nan za ta iya dutsen kuwa?”

Baba ya ce, “Ta fi tumbinka iyawa.”

Aka fashe da dariya har Baba Dogo na dukan tebur. Sai ya ce Baba ya faɗi tsarin tun daga farko ya ɗauka a waya don matan su ji, Baba ya zauna ya zayyana komai, lokaci da wuri da inda za a tsaya da inda igiya take. Ya karɓi lambar direba wai don ya kwatanta masa masaukinsu. Aka tsayar da Asabar, suka ce kafin nan za su huta gajiya. Ni kuma muka yi musayar lamba da ’yar Baba Likita, sa’ata ce.

Ranar Alhamis ina shago ina yanka fasfo na ɗan duba waya sai ga sitatus ɗinta. Gada. Na ce ƙila wucewa suka yi. Can anjima wurin zubar ruwa. Can kogo. Can ga su cikin kwalekwale da rigunan ruwa masu ruwan lemo, waɗanda Baba ya aro. Na kifa wayar, Baba yana gefena yana goge gilashin kyamara yana ’yar waƙarsa yana tambayata ko na tuna batun matse gwiwar hannu. Na ci gaba da yanka fasfo. Da yamma na sake dubawa sai ga yaran suna hawa riƙe da shuɗiyar igiya, sai ga Baba Dogo da Baba Likita a kan dutsen komai ya yi ja, sun haɗa kafaɗa sun matsu da juna, ko allura ba za ta shiga tsakaninsu ba. Wani saurayi suka ɗauko ya yi musu hotunan, mai ƙaramin jirgin nan da ke tashi sama yana hoto.

Baba ya ga fuskata ya miƙo hannu. Ya sa tabarau ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan na ƙarshen. Abin da ya fi ƙona min rai hotunan sun yi kyau, kyau sosai, don yadda ya faɗa haka suka bi.

Ya ce, “Sun bi rana daidai.” Ya miƙo min wayata ya ce in rufe taga.

Da safe direba ya zo gida da ledar lemo dubiya, don ce masa aka yi ƙafar Baba ta tashi yana kwance, wai Baban da kansa ya ce a dawo da tafiyar Alhamis a tafi ba shi. Da ya tarar da Baba tsaye yana wanke fuska sai ya rasa inda zai sa ledar. Mama ta shige ɗaki ina jin ta tana buga kwanuka.

Ranar da yamma suka zo shago su biyu da agogo a kwali da turare. Baba Likita ne ya yi ta magana, wai shi aikinsa ne ya san ƙarfe a ƙafa, in da Baba ya zame a can wa zai ɗauki alhaki, in an gaya masa kuma zai nace, ga yara ba sa jure tsayuwa a rana ana kar a motsa, ga kwanakinsu kaɗan ne. Baba Dogo takalminsa yake kallo. Ni bakina har ƙaiƙayi yake in faɗi maganar bene, Baba ya harare ni na haɗiye.

Baba ya ce wa Baba Likita, “Ka tambaye ni ai, na ba ka amsa.”

Sai ku ji ƙarshen rashin ta ido. Wai sun zo ne kuma ya wanke musu na kan dutsen babba ya sa a firam, don ba mai hannunsa a garin nan. Baba Likita ya ƙara da cewa ai yanzu abu ne mai sauƙi, a ɗauki Baba a nan gaban labule a shigar da shi tsakiya da kwamfuta ba wanda zai gane.

Baba ya ce, “Na iya. Waɗanda suka mutu nake yi wa haka.”

Injin mai aski kawai ake ji ta bango.

Kuma ya yi musu aikin. Ni na ce ya ƙi, ya ce ba a mayar da aiki. Ya wanke shi ya gyara hasken ya yanka gilashi ya goge da hannun rigarsa. Da suka aiko ɗan Baba Dogo karɓa sai ya hau kujera ya sauko da tsohon hoton nan na bango, ya kaɗe ƙurar ya haɗa su biyu a takarda ɗaya ya ɗaure. Ya ce wa yaron ka ce wa babanka wannan ma nasu ne, su kaɗai ne a ciki. Agogon da turaren ma ya sa a leda ya haɗa masa.

Ranar Asabar na tashi da wuri na ciro sabuwar rigar daga leda na rataya kyamara a wuya na ce Baba mu je ni da kai, direba ya ce zai kai mu, igiyar tana nan, in ɗauke ka a wurin. Ya kalle ni ya ɗan yi murmushi.

Ya ce, “Mayar da ita, ’yar baba. Hoton mutum ɗaya fasfo ne.”

Sun koma ƙasarsu. Baba Dogo ya kira ya kira, Baba yana ɗauka su gaisa lafiya lau ya ce yana da kwastoma. Ya daina zuwa bene, mai gadin har gida ya zo tambaya ko lafiya. Rigar tana bayan ƙofa a ledarta. A bango inda hoton yake fentin ya fi sauran haske da ƙusa a sama, masu zuwa fasfo suna tambaya me aka cire sai ya ce kar a motsa.

Ni ba na son su aiko da komai, ba na son ban haƙuri a waya. Har yau suna ganin taimakonsa suka yi don ba su san ya hau dutsen nan da ƙafarsa ba, ba su san bene ba, ba su san ruwan zafi ba. Ya hana ni gaya musu, to ban gaya musu ba, ku na gaya wa. Don Allah duk wanda ya karanta ya tura wa na kusa da shi, shi ma ya tura gaba, har ya faɗa wayar wani dogo da wani likita da ke da sabon hoto a falo.