Karenmu da Ƙofar Zaure

Aikin gwamnati ne ya dawo da mu Dutse daga ƙauyenmu na wajen Buji, 'yan shekaru bayan an yi sabuwar jiha. Baffa, wato mahaifina, ya samo mana gidan ƙasa a Limawa, mai zaure ɗaya da ƙyauren kwano, da ɗan fili a baya inda Inna take ɗaure awakinta. Da aka sace mata akuya sau biyu, sai ƙanen Baffa ya zo daga ruga da ɗan kwikwiyo a cikin kwando, ja mai farin wuya. Ya ce uwar kwikwiyon ce take gadin maruƙa, kuma ba a taɓa ɗaukar ko ɗaya a gabanta ba.

Gadi aka kawo shi yi, amma ya zama ɗan gida. Ba ya shiga ɗaki, Inna ta hana, kuma kwanonsa daban yake a gindin darbejiya. Ni ce nake kai masa ragowar tuwo. Ƙanena kuwa a jikinsa ya koyi tsayuwa, ya kama gashin wuyansa ya miƙe, karen ya daure masa.

Aibinsa ɗaya ne, ba ya ganin ƙofa a buɗe ya ƙyale. An haife shi inda babu katanga, kuma har ya girma bai yarda da ita ba. Ko barci yake, da ya ji ƙarar sakata sai ya zabura. Mai ruwa ya shigo da garwa, ko wata ta zo sayen ƙuli, kafin a ce a rufe ya bi ta tsakanin ƙafafu ya fice. Ba cizo yake yi ba, gudu kawai yake so. Amma unguwarmu ta malamai ce, ba a son kare. Wata rana ya ratsa ta gaban masallaci ana alwala, ya ture butoci, ya goga jikinsa a rigar maƙwabcinmu, wani dattijon malami mai karantar da manya bayan magariba. Da yamma malamin ya yi sallama da Baffa a zaure, ina bayan ƙofa ina ji.

Ya ce, "Ban ce ka rabu da shi ba. Kare na gadin dabbobi an yarda da shi. Amma na gadi a gida yake zama. Yanzu mutane sun ƙara sa ido a kan irin waɗannan abubuwa, ka sani."

Lokacin an fara shari'a a jihar, kowa yana kula da abin da za a ce a kansa. Baffa ya ba shi haƙuri, ya sayo igiya. Daga nan kullum da rana karen yana ɗaure, sai an kulle gida a sake shi. Ya rame, ya riƙa kuka yana tauna igiyar.

A bazarar shekarar ne labarin mahaukacin kare ya shigo gari. Aka ce ya ciji wani yaro a wata unguwa, iyayen suka wanke ciwon suka manta, bayan wani lokaci yaron ya fara firgita in ya ga ruwa, aka ɗaure shi, ya rasu. Ban ga yaron ba, amma a makaranta ba a maganar komai sai shi. Wata 'yar ajinmu ta ce haushi ya riƙa yi kafin ya cika. Na kasa cire wannan daga raina. Samari suka fara zagaya unguwanni da gorori, duk karen da suka gani a waje sai su kashe shi. Na ga gawar ɗaya a kwata a hanyar makaranta, ƙudaje sun rufe bakinsa, na dawo gida na kasa cin abinci.

A tsakiyar wannan Inna ta haihu. Kaka, mahaifiyarta, ta zo daga ruga don ta zauna da ita har a gama wankan jego. Ranar suna gidan ya cika da mata, ƙofa a buɗe take tun safe. An ɗaure karen a can baya kusa da awaki, Baffa ya ƙara masa ƙulli. Ina raba waina a tsakar gida bayan azahar sai na ji mata sun dare, wata ta zubar da kwanon miya. Wani jan abu ya wuce ta gefena da guntuwar igiya a wuya. Ya tsinka ta.

Ban tuna na ajiye farantin ba. Na tsinci kaina a waje babu takalmi, babu mayafi, ina gudu. Ƙasa tana ƙona tafin ƙafata. Na ga wutsiyarsa ta sha kwana, da na isa wurin ya ɓace. Na tambayi wata mai tallar gyaɗa, ta nuna mini wajen duwatsu da haɓa. Na bi lungu lungu ina kiransa, ina leƙa kowace kwata ina addu'ar kada in ga ja a ciki. Na daɗe ina yawo, har na ji an kira la'asar. Sai na ji hayaniya ta bayan wasu itatuwan dabino, da ƙarar dutse yana dukan dutse.

Sun tare shi a tsakanin manyan duwatsu biyu. Samari ne da yawa, wasu da gora, wasu da hoge a hannu. Ya maƙale a lungu, harshensa a waje, yawu yana zuba, idanunsa sun juye. Ni kaina da na gan shi sai da gabana ya faɗi, don bai yi kama da karen da na sani ba. Na kutsa na tsaya a gabansa.

Babbansu ya ce, "Ke yarinya, matsa."

Na ce, "Namu ne. Yanzu ya fito daga gida. Lafiyarsa ƙalau."

"Ba ki ga yawu ba? In ya cije ki, ke ma ɗaure ki za a yi."

Ina jin numfashin karen a bayan ƙwaurina, da zafi. Na kasa juyawa in kalle shi. Tsoro biyu ne suka haɗe mini, na gorar da ke gabana da na haƙoran da ke bayana, ban san wanda zai fara taɓa ni ba. Wani ya jefa dutse ya wuce ta gefen kunnena. Na fashe da kuka amma ban matsa ba, ba don jarumta ba, ƙafafun ne suka ƙi ɗaguwa.

A haka malamin nan maƙwabcinmu ya iso, da butarsa a hannu, yana kan hanyar masallaci. Ya dube ni, ya dubi samarin. Ya cire rawaninsa na kafaɗa ya miƙo mini ya ce in rufe kaina. Sannan ya ce da su, "Na san karen nan, ya taɓa ɓata mini riga. Ku dakata." Ya ɗauki wani fasasshen kasko a ƙasa, ya tsiyaya ruwan butarsa a ciki, ya tura shi da ƙafa zuwa bakin lungun. Ya ce, "An ce mai ciwon ba ya iya shan ruwa. Mu gani."

Karen ya daɗe yana kallon kaskon. Sai ya jawo jiki a hankali ya sa baki, ya shanye tas, har yana lasar kaskon.

Malamin ya ce, "Ƙishi ne da tsoro. Ki kama igiyarsa ki wuce gabana." Ya raka mu har ƙofar gida, samarin suna bin mu da ido. Ranar ya rasa jam'in la'asar.

Na ɗauka an gama. Ƙanena ya rugo ya rungume karen, karen ya lashe masa fuska kafin a janye shi. Kaka ce ta lura da jini. Ta ɗaga gashin cinyarsa da kara, sai ga rauni, ramuka kamar na haƙori. Babu wanda ya san ko dutse ne, ko waya, ko wani kare ne ya kama shi a lokacin da ya ɓace mini. Inna ta fito daga ɗakin jego ta fizge ƙanena, ta wanke masa fuska da sabulu har ya yi ta tsala ihu. Baƙi suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya.

Washegari Baffa ya zo da likitan dabbobi. Ya duba raunin, ya tambaya ko an taɓa yi masa rigakafi, Baffa ya ce an yi bara. Likitan ya ce hakan ya taimaka, ya ƙara masa wata allurar, amma shan ruwan jiya ba ya nuna komai, don ciwon yakan ɗauki makonni kafin ya bayyana. Ya ce a killace shi, kada yara su matsa kusa. In ya daina cin abinci, ko ya fara cizon iska, ko muryarsa ta sauya, a aika masa nan take.

Waɗannan makonni ban taɓa ganin masu tsawonsu ba. Aka ɗaure karen da sarƙa a tsohon ɗakin kaji. Da sanda nake tura masa kwano. Kullum da na farka sai in tsaya daga nesa in ga ko ya taɓa abincin. In ya yi hamma in ce ya fara. In ya kai wa ƙuda cafka sai in ce cizon iskar ne. Ƙanena ya yi zazzaɓi a cikin kwanakin, na zauna kusa da shi da kofi ina ba shi ruwa yana turewa, ina ƙara ba shi, har Inna ta karɓe kofin ta ce, "Bari, haƙori ne yake fito masa." Baffa ya jingine wata tsohuwar taɓarya a bayan ɗakin kajin. Bai faɗi amfaninta ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Kaka kaɗai ce ba ta guje shi ba. Takan ja kujerarta ta zauna inda sarƙar ba ta kaiwa, tana kaɗa nono tana yi masa Fillanci. Ta ce mu duk ihu muke yi masa, shi kuwa in an yi ihu ƙara gudu yake yi. Da makonni suka wuce, raunin ya warke, likitan ya dawo ya ce a sassauta, sai ta ce da Baffa a sa wata ƙofar a bakin zaure ta ciki. Kafinta ya zo ya yi ɗan gajeren ƙyaure na katako. Aka kafa doka a gidan: ba a buɗe ta waje sai an rufe ta ciki, ko wane ne ya yi sallama.

Sannan ta fara koya masa. Da safe takan sa ni in riƙe doguwar igiya, ita ta tsaya a bakin ƙaramar ƙofar da busasshiyar gurasa a ƙulle a gefen zaninta. Ta ce masa "daro", wato tsaya, ta ɗan buɗe ƙofar kaɗan. Da ya motsa sai ta rufe, ba faɗa ba duka. In ya zauna, ta jefa masa guntu. Haka za ta yi ta yi har in gaji da tsayuwa. Na ce, "Kaka, wannan ba zai ji ba." Ta ce, "Ɗan maraƙi ma yana ji. Ke dai riƙe." A hankali ta riƙa ƙara buɗewa, ta sa ni in riƙa kaɗa sakatar waje don ya saba da ƙarar. Ta kuma ce wa Baffa dabbar da aka haifa a daji ba za ta zauna ba in ba a fitar da ita ba. Daga nan Baffa ya riƙa fita da shi a igiya da sassafe, su zaga bayan duwatsu su dawo kafin ya shirya zuwa ofis.

Ana saura kaɗan Kaka ta koma, mai ruwa ya shigo ya bar ƙofofin biyu a buɗe. Ina wanke-wanke na ɗaga kai na hango titi ta cikin zaure, ga karen a sake. Ya miƙe, kunnuwansa a tsaye, ya taka har bakin ƙaramar ƙofar. Da ƙyar na ce "daro", a hankali yadda Kaka take faɗa. Duk jikinsa yana ɓari, yana kallon waje yana ƙaramin kuka. Sai ya zauna. Na lallaɓa ta gefensa na rufe ƙyauren, na jingina da shi, na daɗe ban iya komawa wurin kwanukan ba.

Bai taɓa yin ciwon ba, kuma har yau ba mu san abin da ya ji masa rauni ba. Ya sake kuɓucewa sau ɗaya ko biyu a shekarun da suka biyo baya, amma bai yi nisa ba. Ya tsufa a gidan, har gashin bakinsa ya yi fari. Ina makarantar kwana ya mutu. Da na dawo hutu Inna ta gaya mini a tsakar gida tana tankaɗe, ta ce Baffa da ƙanena ne suka kai shi bayan gari suka binne.