Kawu Ovide, Mai Kai Dawaki Iyo

Ranar da goɗiyar 'yata ta fito daga ruwa tana rawa, kowa a bakin tafkin ya yi murna, ban da mutum ɗaya. Ovide Guillory ya ɗaga filafilansa suna ɗigar ruwa, ya dubi goɗiyar, ya dubi yarinyar, ya san in bai yi wani abu ba, kafin rana ta take za a yi ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Duk mai bin hanyar gonakin shinkafa da ke bayan garinmu, a nan kudancin jihar Louisiana ta Amurka, ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Dogon tsoho ne mai malafar da ta ga duniya. Kafin rana ta fito ya riga ya kewaya tafkin shi kaɗai a ɗan kwalekwalensa yana dukan ruwa, don in wani kada ya kwana a ciki ya san masu wuri sun iso. Sai ya sha baƙin kofi a tsaye. Daga nan motoci su fara shigowa da dawaki: wanda aka yi wa aiki a gwiwa, wanda jijiya ta ja, wanda tsere ya cinye tun yana ƙuruciya. Mai doki ya zauna a bayan kwalekwale riƙe da igiyar ragama, Ovide ya ba hanya baya ya kama tuƙi, fuskarsa na kallon dokin. Fiye da shekara talatin ke nan yana tafiya da baya, idonsa cikin idon dabba. Da safe tururi kan kwanta bisa ruwan, ba ka ganin komai sai kai da kunnuwa da hanci a buɗe, kamar doki na ratsa gajimare.

Ni Clovis Ardoin, direban motar ɗaukar shinkafa ne, ba gwanin rubutu ba. Na ɗauki alƙalami ne don ƙarshen watan nan Kawu Ovide zai ajiye filafili, kafaɗunsa sun ce sun gaji.

'Yata Odalie shekararta goma sha shida, kuma tun tana ƙarama ba ta san wani abu ba sai tseren kewaya ganguna a kan doki. Jar goɗiyarta Cannelle ta fasa ɗan ƙashi a gwiwar gaba ta dama. Likita Fontenot ta yi aiki ta cire, aiki kuma ya yi kyau, amma ta gaya mana gaɓa tana da nata lokacin. Watanni suka shige, ɗingishi bai tafi ba. Ba wani babba ba ne, kanta ne kawai yake ɗan ɗagawa duk sa'ad da ƙafar ta taɓa ƙasa. Likitar ce ta tura mu tafkin, don jikin ya motsa ba tare da nauyi ya hau gwiwar ba.

A cikin ruwa Cannelle ba ta da ciwo. Ƙafafu huɗu suna miƙewa daidai, geza na yawo bisa ruwa. Odalie ta riƙe igiya tana kallo kamar mai mafarki ido biyu. Ni kuma ina gaɓa ina kai da kawowa, don ko ina tuƙi da rana tsaka abu ɗaya nake gani: ganga ta biyu, gwiwa ta lanƙwashe, goɗiya ta kife, 'yata a ƙarƙashi.

"Clovis!" in ji Ovide daga tsakiyar ruwa. "Ka zauna mana, kana zagaye kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ko ka shigo?"

"Na gode, Kawu. Ni da ruwa sai a kofi."

Ovide ya san abin da iyo ke yi, ya kuma sha faɗa mana. Yana cika ƙirji, yana tayar da tsoka, sanyin ruwa kuma ya kwantar da zafin gaɓa na ɗan lokaci. Doki ya fito yana jin kansa sabo, alhali gwiwar tana nan inda take. Faɗa ba ta hana ido ganin abin da yake so.

Ranar nan da na ambata da farko Asabar ce, ana sauran 'yan makonni tseren yankinmu, mun riga mun yi ta rigima a gida ni da ita. Na ce a'a, ta ce likita da bakinta ta ce in ɗingishi ya tafi a fara hawa. Da Cannelle ta fito tana tsalle tana haniniya, Odalie ta ruga bayan mota, ta yaye bargo, sai ga sirdi. Ban ma san ta ɗauko shi ba.

"Baba, ka gani da idonka. Ta warke!"

"Odalie, ajiye sirdin nan."

"Kai kullum tsoro! Kawu, don Allah gaya masa."

Ovide ya ɗaure kwalekwale a hankali, kamar ba shi ake jira ba. Ya ce, "Sirdi mai kyau. Amma 'yar nan, ba a hawa doki a wurina da yunwa. Matata ta ba ni boudin, in na mayar da shi gida ni za a yanka."

Ya zaunar da mu bisa gungume. Ya raba boudin ɗin, wato tsiran alade mai shinkafa, da hannu, ya zuba kofi, ya shiga labarin wani jaki da ya taɓa cizonsa, labarin da ba kai ba gindi. Odalie tana ci tana karkaɗa ƙafa. Goɗiya na tsaye a inuwa, ruwa na bushewa a jikinta, sanyin na fita daga gwiwar. Abin da yake jira ke nan.

Can ya miƙe ya ce, "To, zo. Tsaya nan bakin gadar katako. Rufe ido."

"Kawu, wasa kake?"

"Idonki yana sonta da yawa. Kunne za mu tambaya. Clovis, ja ta da sassarfa, in tumbin nan zai bar ka."

Na ja ta muka hau gada. Katako ya amsa. Ko ni da nake haki na ji: bugu mai ƙarfi, sai mai sauƙi, mai ƙarfi, sai mai sauƙi, kamar ganga a hannun mai ciwon yatsa. Muka juyo muka sake. Odalie ba ta buɗe ido ba, amma hawaye ya sami hanya.

"Na ji," ta ce. "Ya isa, Baba. Kada ka ƙara jan ta."

Ta ɗauki sirdin da kanta ta mayar mota. Ta tsaya can ta ba mu baya.

Ovide ya ce, "Cire takalmanki."

Ashe tun tsakiyar mako ya ga take-takenta, ya kira likita ya nemi izini. Ya ba ni igiya ya ce yau sai na shiga kwalekwale, ko zan mutu. Odalie da Cannelle suka gangara, ruwa ya kai wa goɗiya ƙirji, ya kai wuya, ƙafafunta suka bar ƙasa. Sai ya ce, "Yanzu. Kama geza, ki kwanta a bayanta, ki bar ruwa ya ɗauke ki."

Haka 'yata ta hau Cannelle karo na farko tun bayan aikin. Ba sirdi, ba linzami, ba nauyi. Sauran tururin safe ya rufe su, ya buɗe, ya sake rufewa. Ta kwantar da kumatu a wuyan goɗiyar tana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Muka kewaya ƙarƙashin itatuwan bakin tafki da gansakuka ke reto a rassansu kamar gemu, ba ka jin komai sai numfashin dabba da kukan filafili. Na manta ban iya ruwa ba.

Ba ni kaɗai ke da irin wannan labari ba. Gwaggo Eulalie Prejean ta ce shekarar ambaliya shi ya bi gida gida yana jan dawakin mutane zuwa tudu, har da jakin nan da ya cije shi. Masu horar da dawakin tsere sun ce sun sha yi masa fushi don ya ƙi cewa doki ya warke, daga baya su dawo da wani.

Kai ne, Kawu Ovide, mai haƙurin ruwa. Kai ne ka hana 'yata abin da take so ba tare da ka karya ta ba, ka bar ta ta ji gaskiya da kunnenta, sannan ba ka sallame ta hannu wofi ba. Hoton mai doki ake ɗauka ranar nasara, ba a ɗaukar na mai kwalekwale. Na gode. Allah ya huta da kafaɗun nan, ya ba ka tsawon rai.

Ku kuma samarin yankin nan masu son dawaki, ku je ku zauna kusa da shi kafin wata ya ƙare. Ku koyi tuƙi da baya, ku koyi jira.

Odalie ba ta shiga tseren ba. Duk Asabar muna tafkin. Likita ta sake duba gwiwar, ta ce akwai sauƙi kaɗan, amma ba ta yi mana alkawari ba. Har yau ba mu san wanda zai karɓi filafilan ba, ba mu kuma san ko Cannelle za ta sake ɗaukar 'yata a kan tudu ba.