Harafin da Baba Ya Je Cikewa

Ni ban iya rubutu ba sai da furfura ta gama cinye mini kai. In kun ga magana ta karkace, haka hannun yake.

Da 'yata ta bi mijinta Ohio, ni na ƙi. Na gaji da zaman gidan suruki. Na kama ɗaki a unguwar Highbridge, na shiga aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Ejansi, wato kamfanin da ya ɗauke ni aikin, ta tura ni wurin wani tsoho Bayahude a layin Grand Concourse. Ya ce da can layin nan duk mutanensu ne, yanzu sai shi kaɗai a tsakiyar 'yan Gana da masu Sifaniyanci. Matarsa ta rasu, ɗansa ɗaya yana California, sai dai waya. Ina ce masa Baba. Shi kuma yana ce mini Hajiya, saboda haka ya ji mai gyaran famfon ginin, wani ɗan Kumasi, yana kirana. Da guntun Turancina muke magana, sauran da hannu.

Hannunsa rawa yake. Ba ta sanyi ba, ciwo ne. In ya ɗebo miya, rabi a riga.

Wata safiya na tarar ya tashi da kansa, yana ta zumuɗi. Ya ce a addininsu wajibi ne kowane namiji ya rubuta Attaura da hannunsa kafin ya mutu.

Na ce, "Duka? Kai da ba ka iya kai shayi baki?"

Ya ce a'a, malamansu sun sauƙaƙa. Wanda ya cike harafi ɗaya, kamar ya rubuta duka ne. A wani wurin ibadarsu a unguwar Riverdale ana gama rubuta sabuwa, a kan fata, irin wadda ake naɗewa kamar tabarma. Marubucin ya zana gefen haruffan ƙarshe ya bar cikinsu fari, mutane su zo su cike. An ba shi ɗaya.

"Kullum ina cewa baɗi, Hajiya. Yanzu babu baɗi."

Abin da ke damunsa, in tawada ta zarce ta taɓa harafin kusa, ba a karatu da littafin sai an kankare an gyara. Kuma marubucin ya daɗe a kansa sunkuye.

Tawada kam na san ta. Tun ina yarinya ni ke dafa wa mahaifina, daga baya mijina. Ban taɓa tsoma alƙalami a ciki ba. Ba wanda ya hana ni, ba wanda kuma ya ce in zo. Na je Harlem na sayo ƙaro, na daka gawayin turaren wuta, na haɗa masa a kwalbar zuma. Ya ce da gashin talotalo suke rubutu, na roƙo a wurin masu yanka kaji, na fiƙe yadda na ga mijina yana fiƙe kara.

Muka riƙa zama a teburin kicin, mun farka jakar takarda ta kanti mun shimfiɗa. Shi yana harafinsa, ni ina aikin da malamarmu ta ajin koyon rubutu na manya ta ba mu.

"Naki kamar kaza ta bi ta kai."

"Naka fa, Baba? Kamar a cikin jirgin ƙasa ka yi shi."

Wata rana ya fita tsaf, in maganin safe ya kama shi. Wata rana tawada har kan tufafina. Ɗan ya yi alkawarin zai zo ranar cike harafin ya riƙe masa gwiwar hannu. Ana gobe ya bugo ya ce aiki ya riƙe shi. Baba ya ce ba komai, ba komai, ya ajiye wayar, ya ƙi cin abinci.

Ranar na sa masa kwat da baƙar hula, na zaunar da shi a kekensa, motar masu keken guragu ta kai mu. Wurin cike, maza sun kewaye tebur, mata can bayan labule. Wani mai gemu ya karɓi keken daga hannuna da fara'a, ya nuna mini kujera a soro, inda suka rataye rigunan sanyinsu. Nan na zauna. Wata mata ta kawo mini kek a faranti ta koma. Duk wanda ya cike nasa sai in ji an ɓarke da waƙa da tafi. Ban san wacce ce ta Baba ba. La'asar ta yi, na rasa wanda zan tambaya gabas, na yi sallata a zaune ina kallon rigunan mutane.

Da suka turo shi, kowa na kama hannunsa yana murna. Shi ko murmushi babu.

Sai da muka iso gida, ina cire masa takalmi, ya ce, "Ban riƙe alƙalamin ba."

Wai marubucin ya miƙo masa. Ya dubi fatar, layi a jere ba ko ɗigo, ya dubi hannunsa, ya ce a'a. Marubucin ya ce to ya ɗora hannu a wuyan hannunsa, haka da yawa suke yi. Ya ɗora. Mutumin ya fara cikewa. Sai Baba ya ji rawar tana shiga hannun mutumin. Ya saki. Harafin bai cika ba ya saki. Ba wanda ya lura, suka yi masa waƙa.

"Hajiya, na yi ko ban yi ba?"

"Ni ka samu? Ka tambayi malaminku mana."

"Zai ce na yi, don kada tsoho ya yi kuka. Ke ba kya lallashi."

Gaskiyarsa, ba na yi. Na zauna a bakin gado da takalmin a hannuna. Na ce, "A wurinmu, wanda ya tarar da liman a ruku'u ya samu raka'a. Amma wannan ƙarshe ya samu. Kai farko ka samu. Hukuncin wannan ban san shi ba, Baba, kuma ba zan ƙirƙira maka ba."

Ya daɗe yana kallon taga. Can waya ta yi ƙara, ɗan ne. Na kara masa a kunne. Ina jin muryar daga nesa tana tambayar yaya aka yi.

Baba ya dube ni, sannan ya ce wa wayar, "Na fara shi."

Lokacina ya cika, kuma ejansi ba ta yarda a wuce. Na ce in cire masa kwat ɗin, ya ce in bari. Na ja kekensa kusa da taga, na ajiye masa ruwa da tsinken sha, na jawo ƙofa, na sauka na jira bas.